Rediyon da Na Bari a Kunne

"Kin kashe rediyon nan kuwa?" in ji Alhajina daga zaure.

Na ce na kashe. Ƙarya nake, jama'a. Dokarsa ce in an ɗauke wuta a kashe shi, kada ta dawo da ƙarfi ta ƙona shi. To amma yau soja ke miƙa mulki, sai in ji a bakin maƙwabta?

Da hantsi sai ga wuta. Rediyo ya ɓarke da rantsuwar sabon shugaba, na rangaɗa guɗa har Ƙofar Durɓi ta amsa. Sai hayaƙi, sai shiru.

Alhaji ya shigo ya dubi rediyon, ya dube ni. Sai ga dattijo yana taka rawa.

"Ƙyale shi, Hajiya. Shekara goma sha biyar ina jiran rediyon nan ya faɗi wannan magana, ya kuwa faɗa."