Dachung na Ranar Juma'a

"Ki ce ƙazanta ce kawai, mu tafi gida!"

"Ba zan ce ba, Baban Hosana. Kuskure na yi, na amsa. Amma ƙazanta kam ba zan ce ba."

A ofishin Fasto ake wannan, bayan sujada, a wata majami'a da ke Tudun Wada. Roseline na tsaye da zanen Zumunta, ƙungiyar matan majami'ar. Mijinta Mwadkon, Baban Hosana, ma'aikacin gwamnati kuma dattijon ikilisiya, yana zaune kusa da Fasto, wato a ɓangaren masu hukunci.

Laifin ba ya da tsawo. Akwai wani labarin soyayya mai zafi, Ɗumin Hannunsa, da wata Anti Theodora ke saki babi-babi a waya duk ranar Juma'a. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarta. Roseline ta so tura wa ƙawarta Risikat babin wannan makon, yatsa ya zame, ya faɗa zauren Zumuntar Mata na waya, daidai ƙarƙashin ayar safe. Babin da jarumin, Dachung, ya kulle ƙofar banɗaki ne.

Hukuncin ma ba ya da tsawo. Ko ta tsaya gaban jama'a ta kira labarin ƙazanta, ko ta shiga horo: kujerar baya, ba cin gurasar Jibin Ubangiji, ba ɗaga waƙa. Roseline kuwa ita ke ɗaga wa Zumunta waƙa, kuma nan ne kaɗai a duniya take buɗe baki a saurare ta.

Mama Loyis, shugabar mata, ta gyara tabarau, ta yi magana ta hanci yadda take yi idan tana addu'a. Ta ce ta karanta babin har sau uku, don dai ta auna girman zunubin. "Ko Hausar ma ba ta da kyau," in ji ta.

"Hausar dai ba laifi," Mwadkon ya ce. "Abin da ke ciki ne matsala."

Fasto ya yi gyaran murya. "Maman Hosana, mace mai aure kamar ke, me kike nema a ciki?"

Roseline ta yi dariyar da ba daɗi a cikinta.

Ta ce su maza sun ɗauka maganar gado ce. Gadon yana ciki, ba ta musa ba, kuma ba ta tsallake shafin. Amma ba shi ya riƙe matan Jos ba. Dachung idan ya shigo gida, ajiye waya yake yi. Yana tambayar matarsa yadda ta wuni, sannan, abin al'ajabi, ya jira amsa. Ya san ba ta son faten gwote mai yaji. Ya san ƙafafunta ba sa ɗumi a sanyin garin nan, sai ya ɗora su a cinyarsa ya murza. Ya san tabon man suya da ke wuyan hannunta, ya san ranar da ta ƙone.

Ta ɗaga nata hannun. Tabon yana nan.

"Wannan matar kamar a ƙarƙashin gadona take kwana," ta ce. "Duk abin da na taɓa faɗa wa bango a gidana, sai na ji shi a bakin Dachung."

Bangon yana zaune, yana kallon takalminsa. Shekarun aurensu, Mwadkon bai cika wuce "ina abinci" da "kashe wuta" ba. Ya dawo daga ofis sai ya zauna cikin mota a ƙofar gida, gilashi a rufe, yatsu a kan waya, har tuwo ya huce. Aikin gwamnati, in ji shi, ba ya ƙarewa.

Roseline ta ce har saƙo ta taɓa aika wa Anti Theodora. Ta gaya mata tana da miji amma ba ya ganinta. Amsa ta zo da wuri: "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, mazanmu haka suke. Ki jira Juma'a."

Mama Loyis ta cire tabarau ta goge, ko da yake ba abin da ya same su.

"Ke," Mwadkon ya ce, "a gaban Fasto kike yabon wani namiji?"

"Wane namiji? Ai babu shi."

"To me ya fi ni da shi?"

"Kunne."

Fasto ya ɗaga hannu. Ya ce tambaya ɗaya ta rage, kuma ta ƙarshe ce: za ta tsaya ranar Lahadi ta faɗi kalmar, ko a sa mata kujera a baya?

Roseline ta dubi zanen da ke jikinta. Ta tuna ƙarar tulu da shantu, da yadda mata ke jiran numfashinta kafin su amsa.

"A sa mini kujerar," ta ce. "Lahadi zan zauna a baya, ba komai. Juma'a na zuwa. Dachung zai shigo, ya ajiye waya, ya tambaye ni yadda na wuni."

Mwadkon ya miƙe da ƙarfi har kujerarsa ta faɗi.

"Ba zai tambaye ki ba! Juma'ar nan zan sa tirela ta take shi a Titin Bauchi!"