Mai Tsallaka Shingen Malam Ƙasimu

"Wa kike kashe wa wutar lantarkin shingen shanuna duk Juma'a, Turai?" in ji Malam Ƙasimu.

Ni na kai masa gulmar, ba zan ɓoye ba. Na je itace bayan garinmu Basirka, na ga matarsa Turai ta zare batirin solar shingen, wani ƙato ya tsallako. Jiya Juma'a sai Malam ya laɓe, da ta zare ya mayar da wutar, amma bai ga fuskar ƙaton ba.

Turai ta dire kwanon tuwo, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Ɗanka ne, Malam, wanda ka kora bara. Tuwona yake zuwa ci. Da wutar ta yar da shi, ya hango ka bayan bishiyar ɗorawa. Ya ce ya gane, ba zai ƙara zuwa ba."

Ta fice, ta bugo ƙofa garam.