Mai Fito da Kukan Akuya

Masu cewa firgici ba ya sallama, faɗo wa mutum kawai yake yi, ga misalin wani mai fito. Wata ranar kasuwa jirginsa ya kife a tsakiyar gulbi da mutane da kaya. Shi ya fita da rai, wasu ba su fita ba. Tun daga ranar wani abu ya riƙa kama shi. Yana cikin tuƙi sai ƙirjinsa ya hau dukan tara-tara, hannuwansa su mutu, filafilin da yake tuƙi da shi ya suɓuce. Ran da ruwa ya ja jirgin har ya kusa haɗa shi da dutse, sarkin ruwa ya kira shi gaban jama'a ya ce in aka kuma, to ya ajiye filafili ke nan. Ga iyali, ga shi bai iya wata sana'a ba. Kowa kuwa ya zama likitansa. Wannan ya ce mutanen ruwa ne suka shafe shi, wancan ya ce hawan jini ne, surukarsa ta ce ya bar gulbi ya koma noma. Wata ma'aikaciyar lafiya a asibitin garin ce ta ce masa ciwo ne sananne da ke bin wanda ya ga tashin hankali, ana kuma maganinsa. Ta ce duk sanda abin ya sake shi, ya koma ya bi sawunsa: me ya ji, me ya shaƙa, a ina jikinsa ya fara ba da labari?

Ya kama bin sawu, kullum in ya dawo ya zayyana wa matarsa don kada ya manta. Da fari ya zargi iska, sai ga shi ya ƙetare cikin iska mai ƙarfi lafiya lau. Ya zargi gurbin da jirgin ya kife, amma sau nawa ya ratsa ta wurin ko gezau. Har ya fara fid da rai. Sai wata safiya abin ya kama shi a tsakar gidansa, a kan busasshiyar ƙasa, yana zaune yana shan koko. Da ya dawo hayyacinsa ya kasa kunne. Maƙwabcinsa ne ya ɗaure akuya ƙafa huɗu zai kai kasuwa, tana ta tsala kuka. Nan take ya tuna. Ran da jirgin ya kife akwai awaki ɗaurarru a cikinsa, kukansu ne abu na ƙarshe da ya shiga kunnensa kafin ruwa ya rufe shi. Ya kuma lura da wani abu: kafin ƙirji, kafin hannu, ɗanɗanon ruwan laka ne ke fara zuwa bakinsa. Tsakanin ɗanɗanon nan da mutuwar hannu akwai 'yar tazara, gajeriya, amma akwai ta. Ya gaya wa abokin tuƙinsa da ke zama a goshin jirgi. Ya daina ɗaukar ɗaurarriyar dabba, ya kuma fara zama kusa da turken awaki kaɗan-kaɗan, yadda ma'aikaciyar ta koya masa. 'Yan mashigi suka samu abin yi. In ya doso sai wani ya ce, "Ku ɓoye awakinku, ga barden gulbi nan!"

Ana nan ruwa ya cika ya batse, ranar kasuwa ta zagayo, jirgi ya yi maƙil. Ashe wata tsohuwa da ta ji dokarsa ta ɗaure ɗan akuyarta ta cusa a kwando, ta lulluɓe da zane. Sai da suka kai inda ruwa ya fi gudu, babu gaba babu baya, ɗan akuyan ya ƙwalla kuka. Ɗanɗanon laka ya cika wa mai fito baki. Ya ji yatsunsa sun fara sanyi, ga mata da goyo, ga sarkin ruwa tsaye a gaɓa yana hangen su. A da, da ya dafe filafilin ya yi ta kokawa a ɓoye har ya suɓuce. Yau ya san abin da ke tafe, ya san kuma saura ƙiris.

"Abin nan ya zo," ya ce wa abokinsa. "Riƙe mana kan jirgin."

Ya dubi tsohuwar. "Iya, don Allah kwance masa ƙafa, ki rungume shi."

"Wa? Ni ba ni da komai a kwandon nan sai kuka da kuɓewa!"

"To kuɓewar ce ke kiran uwarta. Kwance ta, Iya."

Ya kafa tafin ƙafarsa a katakon jirgi, ya ja numfashi a hankali ya sake, yana ambaton Allah, yana gaya wa kansa wannan ranar daban, waccan daban. Jirgin ya karkata, ruwa ya ɗan leƙo ciki, wata mata ta yi salati. Tsohuwa ta kwance ɗan akuya ta rungume, ya ji ɗumin ƙirjinta ya yi shiru. Sannu a hankali jini ya dawo yatsun mai fito, ya damƙe filafilinsa, ya mayar da jirgin kan hanya har ya dangana da gaɓa. Sarkin ruwa ya dube shi, ya dubi rigarsa da ta jiƙe sharkaf da gumi, ya ce masa akwai mutane a wancan ƙetaren suna jira.

Ciwon bai rabu da shi a ranar ba, ya daɗe yana komawa asibiti. Amma filafili bai bar hannunsa ba. Duk garin sun ba shi magani, shi kaɗai ne ya iya gano ta inda abin ke shigo masa. Dama Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.