Shingen Bakin Gada

Gindin bindiga ya sauka a bakin Nasidi, haƙori ɗaya ya faɗo kan kwalta. Mutum huɗu ne suka tare babur ɗinsa a bakin gada, saura ƙiris ya shiga unguwar Kilomita Biyar da maganin mahaifiyarsa. Suka yi ta shurinsa har numfashinsa ya sarƙe.

"Durƙusa!" in ji shugabansu da yaren Sango. Ya fizge wayar Nasidi yana bincike, sai yatsansa ya tsaya a zauren intanet da masoyan finafinan yaƙin sararin samaniya suke tafka gardama.

"Kai ne Tauraro Biyar?"

Nasidi ya gyaɗa kai, jini na zuba a rigarsa.

"To, ni ne Kyaftin Bimbo."

Nasidi ya gane sunan daga zauren. Shekara uku ke nan yana zagin mutumin nan da bai taɓa gani ba, don Kyaftin ya ce sababbin finafinan sun fi tsofaffin. Jiya ma jaki ya kira shi. Ya fara kalmar shahada.

Ɗaya daga cikinsu ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. "Patron, in gama da shi?" ya tambayi shugaban nasu.

Kyaftin ya kifa wa mutumin nasa mari har sai da ya faɗi. Ya miƙa wa Nasidi wayarsa da makullin babur.

"Je ka wanke bakinka. Duk zauren kai kaɗai ka san abin da kake faɗa, sauran 'yan amshin shata ne. In ka mutu, da wa zan yi musu kan fim na gaba?"