Farar Safar Alƙaliya

Kwana goma sha ɗaya Baba Tsinke ya yi yana aikin cikin motar nan. Fenti da tayoyi na wasu ne. Shi nasa ciki ne, lungunan da ido ba ya kaiwa. Da tsinken sakace yake bin ɗinkin kujera zare bayan zare, shi ya sa laƙabin ya manne masa har aka manta sunansa na yanka.

Ya kwance kujerun gaba ya fitar, ya zuƙe ƙurar kafet, ya wanke, ya bari ya sha iska, sannan ya taje shi da burushi har gashin ya kwanta gefe guda. Ramukan da iskar sanyi ke fitowa ya bi su da auduga ɗaya bayan ɗaya. Bel ɗin kujera ma sai da ya zaro shi har ƙarshe ya goge. Shekara talatin yana wannan sana'a, kuma a gasar nunin tsofaffin motoci ba a taɓa rage maki ko ɗaya a motar da ta bi ta hannunsa ba.

Wannan sunan ne kaɗai ya rage masa a duniya. Gareji shiru, gida shiru. Da rana yakan zauna a bakin ƙofa ya ci abincinsa shi kaɗai, rediyo na ta zuba ba mai saurare. In wayarsa ta yi ƙara, to mai mota ne. Kuma shi ya jawo wa kansa, don mutum ne mai baki kamar reza. Duk wanda ya zo koyon aiki ba ya cika wata uku. Kai, ko nasa na gida bai ƙyale ba: a gaban masu motoci yake shafa farin ƙyalle a aikin mutum, ya ɗaga sama kowa ya gani. Yanzu kaɗaici na cin sa, amma bakin da bai saba ba da haƙuri ba, ina zai koya da furfura?

Ana gobe gasa mai motar ya leƙo, wani likita da ya yi ritaya, mai son raha.

“Baba Tsinke, ka ji wadda aka ɗauko don duba cikin motoci bana? An ce matar nan ko ƙurar da ke niyyar sauka gani take.”

“Na ji, Likita.”

“To ni dai na gaya maka, in ta kira ka, ban san ka ba, ban san motar ba!”

Likita ya kwashe da dariya. Baba Tsinke ya ci gaba da shafa wa sitiyari mai.

Kiran nan shi ne abin tsoron kowane mai sana'ar. A ƙa'idar gasar, alƙali ba ya magana da kowa. Wanda ya gyara mota yana tsayawa bayan igiya, taku goma daga ita. In ba a ga aibi ba, alƙali ya rubuta makinsa ya wuce. In an gani kuwa, dole ya kira mai aikin, ya nuna masa wurin, ya faɗa masa laifinsa baki da baki, jama'a na kallo.

Da safe, kafin a buɗe fili, Baba Tsinke ya durƙusa ta ƙofar direba, ya cusa hannu ƙarƙashin kujera, ya ɗan jima. Da ya miƙe ya goge yatsansa, ya rufe ƙofa a hankali, ya koma bayan igiya ya tsaya.

Tasu ce mota ta bakwai. Alƙaliyar ta iso da farar safa a hannu da 'yar tocila, ko gefen igiya ba ta kalla ba. Ta fara daga rufin ciki, ta sauko kan madubi, ta bi sitiyari, ta zaro bel har ƙarshe. Baba Tsinke yana iya faɗin inda hannunta zai sauka tun kafin ya sauka.

Sai ta durƙusa. Ta miƙa hannu can ƙarƙashin kujerar direba, ta shafo ƙarfen da kujerar ke gudu a kansa, ta zaro.

Ga baƙin ɗigon giris a kan farin yatsa, ƙiri-ƙiri.

“Wayyo, mun shiga uku,” in ji Likita ƙasa-ƙasa.

Baba Tsinke ya ɗaga kai. Ya gyara wuyan rigarsa, ya share fuska, ya dafa igiya yana jira.

Ta daɗe tana kallon yatsan nan. Daga nan ta juya wa jama'a baya, ta ciro ƙyalle a aljihu, ta sake cusa hannu ta goge ƙarfen tas. Ta cire safar ta cusa a aljihu, ta sa sabuwa. Ta rubuta cikakken maki, ta wuce mota ta takwas ba tare da ta buɗe baki ba.

Likita ya rungume shi yana rawar jiki. “Ka ga ikon Allah! Ta rufa mana asiri, Baba! Kai kam kana da sa'a.”

Shi kuwa don baƙin ciki ya kasa sakin igiyar. Da yatsansa ya ɗiga giris ɗin nan, ya yarda sunansa ya zube a gaban kowa in dai za a kira shi, don alƙaliyar nan 'yarsa ce, kuma shekara tara ke nan rabonsa da jin muryarta.