Motar da Ke Yin Sallama

Tun da aka kafa dokar, duk na'urar da ke motsi da kanta dole ta bi umarnin jami'in bincike nan take, ko a tafi da ita.

Ranar Laraba da hantsi wata jami'ar bincike ta iso gidan Malam Ɗantala. Ya fito da 'yar motar da ya harhaɗa da bulon roba na wasan yara, ja da shuɗi. Wata huɗu ya yi yana koyon rubuta mata umarni a waya, don ta riƙa kai wa matarsa Ladidi magani, tunda ciwo ya kwantar da ita.

"Shiga ɗakin can," jami'ar ta ce wa motar, tana nuna ɗakin Ladidi.

Motar ta gangara, ta tsaya cak a bakin labule, ta yi sallama.

"Na ce ki shiga."

"Hajiya, ni na koya mata," Ɗantala ya ce a hankali. "Ba ta shiga sai mai ɗakin ta amsa."

"Baba, doka ba ta san mai ɗaki ba."

Motar ta sake sallama. Shiru. Jami'ar ta buɗe jakar da ake kwashe na'urori.

Bayan sallama ta uku motar ta jira kaɗan, sannan ta juyo da maganin, kamar yadda ya tsara mata. Jami'ar ta sunkuya ta ɗauke ta, ƙafafun suna ta juyawa a iska.

Ɗantala ko kallonsu bai yi ba. Idonsa na kan labulen. Ladidi ba ta taɓa bari an yi mata sallama sau biyu ba.