Kaset ɗin Ja'afaru

Kowace ranar kasuwa Inna Larai takan ajiye kwandon kuɓewarta a ƙofar shagon Muntaka a Zakirai, ta tambaye shi ko na'urar ta fito.

Muntaka mai haɗa sauti ne, shi ke ba da hayar lasifika a bukukuwa da wuraren wa'azi. Shekara biyu ke nan da ta kawo masa wani kaset naɗe a ƙyalle. Ɗanta Ja'afaru ne ya aiko mata da saƙon baki daga Agadas, kamar yadda 'yan ci-rani suka saba, ya iso rana ɗaya da labarin rasuwarsa. Ranar da kaset ɗin ya iso ta aro rikodar maƙwabta, ta rufe ɗaki, ta daddanna maɓallai. Kaset ya juya har ƙarshe bai ce komai ba. Ta juya ɗaya fuskar, haka nan. Sai ta sa shi a kwalla, damina goma sha biyar ta bi ta kansa.

A rikodar Muntaka ƙara kawai yake yi, da wata murya can ƙasa. Ya gaya mata wani kamfani a Turai na shirin fitar da na'urar da ke tace irin wannan ƙarar. Kamfanin ya sa rana, annoba ta rufe masana'antu. Ya sake sa rana, kayan haɗi suka yi ƙaranci.

Ita kuwa kunnenta na hagu ya riga ya mutu, na dama yana bin sahu.

"Ɗan nan, ka ce wa Turawan su hanzarta," ta ce. "Ba dogon zance nake nema ba. Ja'afaru ya ce Inna sau ɗaya, ya ishe ni."

"Sun sake ɗagawa, Inna," ya ce da ƙarfi, idonsa na kan wayar da yake naɗewa.

Ta tambayi zuwa yaushe, ya ce wataƙila bayan kaka. Ta yi addu'ar Allah ya kai su, ta ɗibar masa kuɓewa, ta tafi.

Da ta sha kwana ya yaye buhun da ke ƙarƙashin teburi. Watan na'urar biyar a nan, kuma sau ɗaya ya kunna ta. Muryar ta fito tas. Ba Ja'afaru ba ne. Ranar da Inna Larai ta rufe ɗaki, har da jan maɓallin ɗauka ta danna, kukanta ya shafe saƙon, fuska biyun duka.